Bincike a Dajin Bama

"Ni dai na gaya maka, yau ɗin nan za su zo, kuma ba za ka sa in ji kunya a gaban mutanen Dakta ba."

Hajiya Yelwa ce ke magana, tana tsaye a bakin kicin ɗin ƙaninta, mayafinta ya zamo kafaɗa. Tun da safe ta taso daga unguwar Whitechapel da kuloli biyu na dambun shinkafa, ta dire su a kan tebur kamar an riga an gama magana.

Malam Maharazu bai ɗago ba. Yana ta juya cokali a cikin shayin da ya daɗe da hucewa. Direban bas ne, ya fi shekara ashirin yana fita daga garejin Catford, kuma tun rasuwar matarsa shi da wannan yayar tasa suka riƙe 'ya'yansa mata biyu.

"Yaya, ban ce kada su zo ba. Cewa na yi ban gama bincike ba."

"Binciken wa? Dakta Umar Faruq? Je ka masallaci ka tambayi duk wanda ka ga dama."

"Na ɗayan, Nashiru."

Ta tafa hannu. "Ɗan zangon Kumasin nan? Maharazu, anya lafiyarka? Ƙato da gemunsa, aikinsa gyaran waya a Deptford, duk Lahadi ya toshe kunnuwa yana harbin mutanen ƙarya a kwamfuta. Shi za ka tsaya bincika?"

Motsi suka ji a kan matakala. Humaira ce, ƙaramar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya. Da gani ba ta yi barcin kirki ba. Ta zo ta durƙusa kusa da kujerar mahaifinta.

"Baba, ni ba zan taɓa yin aure ba da yardarka ba, ka sani. Amma don Allah kada a ce in fito in zauna ina murmushi a gaban mutanen Dakta. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Ba shi nake so ba."

"Ji ta," in ji Hajiya Yelwa. "So. Da so ake biyan harajin gida na council?"

"Gwaggo, ina aiki, shi ma yana aiki."

"Rufe mini baki. Iyayensa suna Kumasi, ba mu san su ba, ba su san mu ba. In ya wulaƙanta ki wa za mu kama?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Baba, kai ma ka yi shiru. Ka ce wani abu mana. In ba ka so, ka ce ba ka so, zan haƙura in zauna haka. Amma wannan shirun naka ya fi komai ciwo."

Sai a lokacin ya ajiye cokalin. Ya dube ta.

"Humaira, kin taɓa ganin ran Nashiru ya ɓaci?"

Ta girgiza kai. "Ban taɓa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

"To shi ne abin da ke hana ni barci."

Babu wanda ya ambaci sunan Zarah, amma dukkansu ita suka tuna. Lokacin da aka zo neman babbar 'yarsa, ya yi bincike yadda ake yi. Kowa ya ce yaron kirki ne, ɗan sahun farko, ba ya ɗaga murya. Ba a rufa shekara biyu ba Zarah ta dawo gida da goyo. Har yanzu in iska ta buga ƙofa sai ta zabura ta dafe ƙirji.

Da a Gusau ne, da ya san inda zai bi. Ka je unguwar yaro, ka zauna a bencin mai shayi, ka tambayi mai wanki da wanda suka taɓa faɗa da shi a filin ƙwallo. A nan kuwa ya je har Deptford, maƙwabcin Nashiru na ƙofa da ƙofa ko sunansa bai sani ba. A masallacinsu aka ce masa yaron kirki ne, ba ya ɗaga murya. Abin da aka faɗa masa a kan mijin Zarah ke nan.

Ya miƙe ya ɗauki rigar sanyinsa.

"Ina kuma za ka?" in ji Hajiya Yelwa.

"Wurin Dachung."

"Bayan la'asar za su iso. Wallahi in ka bar ni ni kaɗai da su, zan amsa musu da bakina."

Ya ja ƙofa ya fita.

Dachung mutumin Jos ne, Kirista, abokin aikinsa a gareji tun suna sababbin zuwa. Shi ne ranar nan a wurin shan shayi, da ya ji sunan Nashiru, ya ce, "Mai gyaran waya? Ai sajanmu ne." Ashe shi ma, da furfurarsa da jikokinsa, yana cikin masu toshe kunnen ranar Lahadi.

Ya tarar da shi ya jera kwamfuta biyu a falo, tasa da ta ɗansa da ya tafi jami'a.

"Malam, Allah ne ya kawo ka. Matar Nathaniel, ɗan ƙungiyarmu, ta haihu jiya, ba zai zo ba. In ba mu cika tara ba, an cinye mu tun ba a fara ba, kuma wannan karon in muka faɗi, an fitar da mu daga gasar. Tun bazara muke haɗa wannan abin."

"Ni sauraro na zo yi, Dachung. Ban san komai a nan ba."

"Daga gefe ba za ka ji komai ba. Sai ka shiga. Ɗan dako za ka zama, ka ɗauki harsashi ka bi bayana. Wannan maɓallin tafiya, wannan kwanciya. Shi ke nan."

Ya bayyana masa sauran a gurguje. Wasan yaƙin duniya na biyu ne, a dajin ƙasar Bama inda aka gwabza da Japan, kuma waɗanda suka ƙirƙire shi ba su bar sauƙi ko ɗaya ba. Rai ɗaya kowa ke da shi. Babu alamar da za ta nuna maka abokin gaba, sai idonka da kunnenka. In an harbe ka ba ka tashi da kanka, sai wani ya ja ka ya ɗaure raunin, in ba haka ba jini ya ƙare. Mai babbar bindiga ba shi da amfani in ɗan dako bai kawo masa harsashi ba.

"Abu ɗaya kuma," in ji Dachung, yana saka masa abin sauraro mai makirfo a kai. "Duk abin da ya shiga makirfon nan, wanda ke kusa da kai a dajin yana ji. Har abokan gaba. In sajan ya ce shiru, ko tari ka haɗiye."

"Ka gaya masa ni ne?"

"Haba Malam. Na ce abokina ne Bahaushe, bai taɓa yi ba."

Allon ya buɗe. Malam Maharazu ya ƙura masa ido. Ruwa ake yi a dajin, ga laka, ga kukan ƙwari, ga mutane baƙaƙe cikin kakin soja sun sunkuya a gindin gora. Mahaifinsa ya yi dako a wannan yaƙin. Bai cika ba da labari ba, sai dai yakan ce ruwan can ba ya ɗaukewa. Ga shi yau yana kallon bayan wani ɗan dako da akwati a kafaɗa, an ce wai shi ne.

Murya ta shigo kunnensa, a natse.

"Salamu alaikum, baƙonmu. Sannu da zuwa. Kada ka ji tsoro, ka bi Dachung kawai. Mu tara ne, mu tara za mu koma."

Sau ɗaya suka taɓa gaisawa da Nashiru a bakin ƙofa, amma ya gane muryar, da irin Hausarsu ta zango. Ya ƙanƙantar da tasa ya ce, "Yauwa."

Aikinsu shi ne su ƙwace wata gadar katako kafin lokaci ya cika. Suka shiga daji a jere. Ya yi mamakin yadda ba wanda ke harbi. Tafiya kawai, a tsaya, a saurara, a ci gaba. Nashiru na kiran kowa da sunansa, yawanci da Turanci. Wane ka duba dama. Wane kana da ruwa? Akwai wani Bature mai babbar bindiga, muryarsa kamar injin niƙa, shi kaɗai ke gunaguni cewa baƙo na jan ƙafa.

Sau biyu Malam Maharazu ya shiga cikin bishiya ya maƙale. Sau biyu layin gaba ɗaya ya tsaya ya jira shi.

Har suka kai wani kwari. Ta tsakanin ganye ana hango gadar, kuma a sama da su kaɗan ana jin maganar abokan gaba, wasu samari ne da wani yare na Turai, suna dariya.

"Kowa ya kwanta," in ji Nashiru cikin raɗa. "Za mu bi ta ƙarƙashinsu. Daga nan ba magana."

Suka fara jan ciki. Malam Maharazu ya bi bayan Dachung. Yana jin numfashin mutum takwas a kunnensa. Ya manta da Catford, ya manta da dambu.

Sai wayarsa ta ɗauki kiran sallah.

Tana cikin aljihun gaban rigarsa, dab da makirfo, kuma ya ƙure mata murya saboda ƙarar injin bas. Kiran la'asar ya cika dajin Bama.

Dachung ya zaro ido. Malam Maharazu ya shiga laluben aljihu, gwiwar hannunsa ta danne maɓalli. Ɗan dakonsa ya miƙe tsaye cak a tsakiyar kwari.

"Kai, kwanta!" Nashiru ya daka tsawa. "Kwanta mana, kai!"

Wuta ta buɗe daga sama. Allon ya girgiza, ya yi ja, sai ga shi yana kallon sama, ruwa na sauka a fuskarsa. Ya ji ana kiran sunaye uku, ba wanda ya amsa.

Baturen nan ya ɓalle da zagi. Ya zagi baƙo, ya zagi wanda ya kawo shi, ya ce wane irin mahaukaci ne ke shigowa yaƙi da rediyo a aljihu. Wasu biyu suka taya shi. Malam Maharazu ya samu ya kashe wayar, kunya ta rufe shi har wuya. Rabon da a zage shi haka tun yana sabon direba.

Sai ya ji wani abu ya bugu da ƙarfi a can ɓangaren Nashiru. Hannu ne a kan katako.

Ya daina motsi. Abin da ya zo nema ke nan. Ya san wannan ƙarar, ya taɓa jin irinta ta waya daga gidan Zarah. Ya ƙara danna abin sauraron a kunnensa.

Shiru. Numfashi mai nauyi, ana jansa ana saki.

Da Nashiru ya yi magana, muryar tana rawa, amma ƙasa take.

"Ya isa. Ni na sa shi a tsakiyar layi ban tambaye shi wayarsa ba. Aikina ne in tambaya. In an gama ka zage ni yadda kake so. Yanzu riƙe hagu."

"Mu shida muka rage," in ji Baturen. "In muka ruga yanzu za mu iya kai wa gadar. Bar shi nan, ai shi ya jawo."

"Harsashinka na bayansa."

"Ina da wanda zai kai ni."

"Ba mu taɓa barin mutum a ƙasa ba. Ba za mu fara yau don baƙo ne ba. Dachung, kare ni."

Malam Maharazu ba ya ganin komai sai ganye da sama, gefen allon na ƙara duhu. Harsashi na tsaga laka kusa da shi. Can sai ga fuska ta leƙo, hular ƙarfe ta karkace, aka kama shi ta wuyan riga aka fara ja. A hankali ake jan, a tsaya, a sake ja.

"Sannu, Malam," in ji muryar da Hausa, dab da kunnensa. "Kada ka taɓa komai, ni zan yi. Ka yi haƙuri na ɗaga maka murya. Tsoro na ji."



Aka jingina shi da gindin wata bishiya aka ɗaure masa ƙafa. Kafin su sake haɗuwa su nufi gadar, abokan gaba sun riga sun toshe ta. Suka gwada ta rafi, aka kashe Baturen. Suka gwada ta sama, aka kashe wani. Ƙaho ya busa. An cinye su.

Ɗaya bayan ɗaya mutane suka fice ba sallama. Baturen ya ce ba zai sake wasa da su ba, ya kashe nasa. Filin ya rage saura mutum uku a gindin bishiya, ruwa na ta zuba.

Malam Maharazu ya jira. Yanzu ba sauran abin da za a ceto, ba kuma wanda za a yi wa kara.

Nashiru ya sauke ajiyar zuciya. "Kai, ya yi zafi. Dachung, tun bazara fa." Sai ya yi 'yar dariya mara ƙarfi. "Malam baƙo, ladaninka yana da murya, masha Allah. Har Japan sun ji. Je ka yi sallah, ni ma yanzu zan tashi. In za ka dawo wani mako, ka sa shi silent, mu koya maka kwanciya."

Dachung ya dubi abokinsa. Malam Maharazu ya gyara makirfon, ya saki muryarsa ta ainihi.

"Nashiru."

"Na'am?"

"Maharazu ne. Baban Humaira."

Sojan da ke tsaye a gabansa ya yi kamar an dasa shi. Can sai bindigar ta faɗi cikin laka, sojan ya yi ƙasa ya durƙusa a gaban ɗan dako.

Dachung ya kifa kai a kan tebur yana dariya har da hawaye.

"Baba... Baba, ina wuni. Wallahi ban sani ba. Innalillahi. Baba, na ce maka kai. Na yi maka tsawa."

"Ka yi. Me ka buga ɗazu?"

"Tebur, Baba."

"Ranar da Humaira ta rushe maka abin da ka daɗe kana ginawa fa? Me za ka buga?"

Dariyar Dachung ta tsaya.

"Baba, ba zan ce maka ba na fushi ba, ka ji da kunnenka. Ina yi. Uwata ya sha gaya mini tun ina yaro, in ya taso in rufe baki har ya sauka. Yau hannuna ya riga ni. Teburin ma ban kyauta masa ba. Ban san abin da zan rantse maka da shi ka yarda ba. Abin da ka ji, shi ne ni."

Malam Maharazu ya cire abin sauraron ya ajiye. Dachung ya ɗauko masa dardumar da yake ajiye masa a bayan kujera. Ya yi la'asar, ya daɗe zaune bayan sallama, yana kallon hannuwansa.

"To?" in ji Dachung.

"Ka ba Baturen nan haƙuri. Ka ce tsohon ya ce laifinsa ne."

"Ba shi na tambaya ba."

"Na sani."

Da ya shawo kwanar layinsu ya ga baƙuwar mota a ƙofar gida. A cikin soro ga takalma manya guda uku a jere, masu sheƙi. Ƙamshin turare da na dambu sun cika gidan, daga falo ana jin muryar Hajiya Yelwa tana dariyar da take yi wa manyan baƙi.

Humaira na zaune a kan matakala, ta haɗa kai da gwiwa, wayarta a hannu. Ta ɗago, idanunta sun kumbura.

"Baba, ya kira ni. Ya ce ya yi maka tsawa. Ya ce shi ke nan, ya kashe kansa da kansa. Wallahi ba halinsa ba ne, Baba, ban taɓa jin..."

"Halinsa ne," in ji shi. "Na ji, kuma gara da na ji."

Ta rufe baki da hannu, kuka ya ƙwace mata.

Ya tsuguna a gabanta, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Rabon da ya yi haka tun tana 'yar firamare.

"Saurara. Na ji inda fushinsa ya fara, na ji inda ya tsaya. Na mijin yayarki ban taɓa ji ba sai da aka makara. Ban ce na san gobe ba, Humaira. Tsoron nan ba zai bar ni ba har in mutu." Ya share mata hawaye da gefen hannun rigarsa. "Ki ce masa ya nemo manyansa na nan, su kira na Kumasi. Ya turo."

Ta dube shi kamar ba ta gane Hausar ba. Sai ta kama hannunsa da hannu biyu ta kifa fuskarta a kai.

Ƙofar falo ta buɗe. Hajiya Yelwa ce, fuskarta ba sauran dariya. Ta ji komai. Ta jawo ƙofar ta bayanta, ta rage murya.

"Mutane na zaune tun ɗazu da goronsu. Kawun Dakta tun daga Manchester ya zo. Ga Yaya Zulkiflu a waya daga Gusau, shi ma yana jira." Ta ɗaga wayar, fuskar babban wansu na ciki, ya tamke ta. "In kana da abin faɗa, shiga ka faɗa da bakinka. Ni ba zan tare maka ba."

A rayuwarsa bai taɓa musa wa Yaya Zulkiflu ba.

Ya zare hannunsa daga na Humaira a hankali, ya miƙe. Ya cire takalmansa ya jera su kusa da na baƙi. Ya ciro wayarsa daga aljihun gaba, ya kashe mata murya, ya mayar.

Sannan ya yi sallama ya shiga.